Marigayi Farfesa Ishaya Audu, Likitan Yara, da Gadon da Ya Bari a Tudun Wadar Zariya

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna Zariya kafin shekarar 2005 ya san abin da ake nufi in an ce an wuce da yaro Tudun Wada. Asibiti ake nufi, watau Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya shekara kusan arba'in a wannan unguwa kafin a mayar da shi Shika. Da bazara, sa'ad da zafi ya tsananta, iska ta bushe, nan iyaye mata ke kwararowa daga Birni da Sabon Gari da ƙauyukan Giwa da Soba da Maƙarfi, kowace da ɗanta a goye, wuya ya sandare, jiki ya yi rau da zazzaɓi. Waɗansu yaran su warke sarai. Waɗansu kwana ya ƙare. Waɗansu kuwa su tashi, amma su koma gida kurame, ko da raunin hankali, ko da farfaɗiya, nauyinsu ya koma kan uwa da kaka har iyakar rai. Wannan kashi na uku shi ya jawo rubuta wannan maƙala.

Galibi in za a auna malamin jami'a, littattafansa da takardunsa ake ƙirgawa. Marigayi Farfesa Ishaya Shu'aibu Audu yana daga cikin waɗanda wannan ma'auni ke tauye wa hakki. Likitan yara ne, amma yana ɗan shekara 39 aka ɗauke shi daga gaban marasa lafiya aka ɗora masa shugabancin jami'a. Saboda haka wanda ke neman tasirinsa a fagen ilmi sai ya duba asibitin da aka mayar makaranta a zamaninsa, da mutanen da suka taru a ciki, da abin da suka gano game da cututtukan da ke naƙasa yaran ƙasar Hausa.

Asalinsa

An haifi Ishaya Audu ran 1 ga watan Maris 1927 a Anchau, wadda a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Kubau ta Jihar Kaduna. Mahaifinsa, Malam Bulus Audu, daga zuriyar Isawa ya fito. Su Isawa almajiran wani malamin Kano ne, Malam Ibrahim, wanda ya ba da ƙarfi ƙwarai ga matsayin Annabi Isa a cikin karatunsa, har abin ya kai ga kashe shi a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Mabiyansa suka watsu, waɗansu suka nufi ƙasar Ningi, waɗansu suka ɓuya a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau. A cikin 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka zo Zariya wurin Likita Mila, Baturen mishan da ya zauna cikin Birni tun 1905, suka karɓi addinin Kirista. Aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci ya auka wa ƙauyen, ya kashe jama'a da yawa, sauran suka tarwatse.

Ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya a nan, domin ciwon nan ya bi wannan gida har Anchau. A shekarun da Ishaya yake yaro, ƙasar Anchau tana cikin wuraren da ciwon barci ya fi yi wa ɓarna a Arewa, saboda ƙudan tsando da ke zaune cikin duhuwar bakin rafuka, inda mata ke ɗiban ruwa, yara ke wanka. Daga 1937 gwamnatin Turawa ta fara wani babban aiki a wurin. Aka sassabe kurmin bakin rafuka a wani zirin ƙasa mai tsawon mil 70 ko kusa da haka, aka haƙa rijiyoyi, aka tashi ƙauyuka aka sake musu mazauni, aka kuma gina sabon gari kusa da tsohuwar Anchau aka sa masa suna Takalafiya. Aikin bai rasa tilas da ɓacin rai ba, kamar yadda aka saba a ayyukan mulkin mallaka. Amma ya nuna abu guda a fili: ana iya binciken cuta a gano mafarinta, a tare ta tun ba ta kama mutum ba. Yaron da danginsa suka ƙare a Gimi, garin haihuwarsa kuma ya zama fagen wannan gwaji, ba abin mamaki ba ne in ya tashi da sha'awar aikin likita.

Karatu da Fara Aiki

Ya yi karatunsa na farko a makarantar mishan ta Wusasa, inda mishan ta koma daga Birnin Zariya wajen 1929. Wusasa ƙaramin wuri ne, amma ta fitar da mutanen da suka fi ƙarfin girmanta. Daga nan Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, can kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Daga Wusasa Ishaya ya tafi Babbar Kwalejin Yaba a Ikko, sa'an nan ya shiga Kwalejin Jami'a ta Badun a 1948, shekarar da aka buɗe ta. A 1951 ya wuce Jami'ar Landan, ya gama karatun likita a 1954, ya ƙara ilmi a Libaful a 1955.

Da ya komo gida ya yi aiki da Gwamnatin Jihar Arewa, har ya zama likitan Firimiya, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Wannan ba ƙaramin amana ba ne, in aka tuna cewa shi Kirista ne ɗan Wusasa, Sardauna kuwa jikan Mujaddadi. Fannin da ya zaɓa ya ƙware a kai shi ne cututtukan yara. Daga 1962 ya koyar a sabuwar makarantar likitoci ta Jami'ar Ikko, ya kuma je Jami'ar Rochester ta Amurka ya yi aikin bincike. Da abubuwa sun tafi yadda suka faro, da watakila a ɗakin yara da ɗakin bincike zai ƙare rayuwarsa.

Shugabancin Jami'a

Shekarar 1966 ta sauya masa hanya. A tsakiyar Janairu soja suka kashe Sardauna. A cikin shekarar nan Sir Norman Alexander, mutumin Niyu Zilan wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello tun buɗe ta ran 4 ga Oktoba 1962, ya bar aiki, aka naɗa Ishaya Audu. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe wannan muƙami. Jami'ar da ya tarar jaririya ce 'yar shekara huɗu, marainiya kuma, don wanda ya kafa ta ya kwanta dama. Tarzomar watan Mayu da ta Satumba da Oktoba ta sa malamai da ɗalibai da ma'aikata 'yan Gabas barin Zariya. A watan Mayun 1967 aka raba Jihar Arewa gida shida, jami'ar ta zama dukiyar haɗin gwiwa ta jihohin nan shida, kowace da nata buƙatu, kowace da nata ƙarancin kuɗi. Bayan 'yan makonni yaƙin basasa ya ɓarke.

A cikin wannan hali ya riƙe jami'ar shekara tara. An buɗe Makarantar Share Fagen Shiga Jami'a, domin sakandaren Arewa ba sa fitar da isassun ɗaliban da suka cika sharuɗɗa. Tsangayoyi suka ƙaru, jami'ar ta bunƙasa har ta shiga sahun mafiya girma a Afirka. Mu ɗaliban Hausa ma muna da rabonmu a ciki, domin a zamaninsa ne, a 1969, aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda a lokacin reshe ce ta wannan jami'a. Amma abin da ya shafi maganarmu shi ne Tsangayar Koyon Aikin Likita, wadda aka buɗe a 1967, ana tsakiyar rikici.

Asibitin Gwamnati Ya Zama Makaranta

Makarantar likitoci ba ta yiwuwa sai da asibiti, kuɗin gina sabon asibiti kuwa babu. Sai aka ɗauki asibitin gwamnati na Tudun Wada, da na Kaduna, da na Malumfashi, aka sa su ƙarƙashin wata Cibiyar Kiwon Lafiya ta jami'ar. Farfesa Umaru Shehu, ɗan Barno, masanin kiwon lafiyar al'umma, ya shugabanci wannan cibiya shekaru da dama. Likitocin farko da aka horar suka fita a 1972.

A ganina wannan tsari, ko da rashin kuɗi ne ya tilasta shi, shi ne sirrin abin da ya biyo baya. Asibitin Tudun Wada na talakawa ne, ƙofarsa a buɗe take ga kowa, ba sai da takardar wani likita ba. Malamin da ya zo koyarwa dole ya ga abin da ke kashe mutanen karkara da abin da ke naƙasa 'ya'yansu, ko ya so ko ya ƙi. Farfesa Eldryd Parry ya zo a 1969 ya shugabanci sashen cututtukan ciki. Brian Greenwood ya iso a 1970 ya shekara goma. Akwai Hilton Whittle, da David Warrell wanda ya yi suna kan binciken saran kububuwa, da Farfesa Kelsey Harrison, likitan mata ɗan Nijeriya, wanda ya zo a 1972. Ishaya Audu ba shi ya gudanar da binciken mutanen nan ba, kuma da yawa daga sakamakon sai bayan ya bar kujera aka buga shi. Amma a zamaninsa aka tara su, a ƙarƙashin inuwarsa suka kafu.

Bari mu fara da sanƙarau, tun da shi ne babban mai kurumtar da yara a wannan yanki. Tun 1963 wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya bayyana cewa akwai wani zirin ƙasa a kudancin Hamada inda annobar sanƙarau ke yawan komowa, ƙasar Hausa kuwa tana tsakiyarsa. Masu binciken Zariya da Malumfashi suka bi diddigin wani abu da kowace tsohuwa ta sani amma ba a san dalilinsa ba, watau cewa cutar tana tashi da bazara, ta kwanta da zarar ruwa ya sauka. Suka gano cewa ƙwayar cutar ba ta ɓacewa da damina. Tana nan a maƙogwaron mutane masu lafiya, tana yawo daga wannan zuwa wancan. Abin da ke sauyawa shi ne yawan waɗanda take samun hanyar kutsawa cikin jininsu, kuma zafi da bushewar iska da ƙura suna da hannu a wannan.

A 1977 annoba ta auka wa Zariya, asibitin Tudun Wada ya cika ya batse. A irin wannan hali, maganin da sai an yi ta yi wa mutum allura sau da yawa kowace rana har kwanaki ba shi da amfani ga ƙauyen da ba shi da ko malamin asibiti ɗaya tsayayye. Sai aka gwada allura guda ɗaya tak ta kuloramfenikol mai haɗe da mai, wadda ke daɗewa tana aiki a jiki. Sakamakon ya fito a 1979, sunan Dokta S. S. Wali ne a farkon marubutansa, kuma ya nuna allurar nan ɗaya tana warkarwa. Shekaru da yawa bayan haka ita ce aka dogara da ita a lokutan annoba a ƙasashen Afirka. Har wa yau a cikin annobar ta 1977 aka gwada yi wa mutanen gidan da aka sami mai cutar allurar rigakafi nan take, aka ga kamuwa ta ragu a cikinsu. A nan an ɗauki gida gaba ɗaya a matsayin abin da za a kare, ba majinyaci shi kaɗai ba. Wani binciken kuma, wanda ya faro tun 1972, ya nuna zazzaɓin cizon sauro yana raunana garkuwar jikin yaro, har rigakafin da aka yi masa yana cikin zazzaɓi ba ya kama jiki sosai.

Ƙyanda ita ce ta biyu. Mutanenmu suna jin tsoronta har suna sakaya sunanta su ce baƙon dauro. Binciken Whittle da abokan aikinsa ya nuna cewa a jikin yaro mai tamowa ƙwayar ƙyanda takan daɗe ba ta fita ba, shi ya sa take yi masa mugun kamu. Tare da likitan ido John Sandford-Smith suka buga wani bincike a 1979 kan gyambon da ke fitowa a baƙin idon yaro bayan ƙyanda, wanda in ya warke yakan bar hakiya, suka nuna cewa wannan na daga cikin manyan dalilan makantar yara a Arewa. Ashe da yawa daga makafin da muke gani ana ja-gora a kasuwa da idonsu aka haife su. A yau an tabbatar da cewa ƙarancin sinadarin bitamin A yana da babban hannu a wannan makanta, shi ya sa ake ba yaro mai ƙyanda shi.

Sa'an nan ga uwa, wadda in ta faɗi yaro ya faɗi. Parry da Davidson sun bi mata 224 a Zariya waɗanda zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta yawan abin da shan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, musamman a lokacin zafi. Harrison kuwa ya tattara bayanin haihuwa 22,774 da aka yi a asibitin daga 1976 zuwa 1979, aka buga a 1985. Ya nuna cewa haɗari ya fi yawa ga matan da ba su taɓa zuwa awo ba sai da naƙuda ta gagara, da 'yan mata masu ƙarancin shekaru, kuma ilmin uwa yana daga cikin manyan abubuwan da ke raba mai tsira da marar tsira. Doguwar naƙuda kuwa, in ba ta kashe jariri ba, takan bar shi da lahani a ƙwaƙwalwa.

Wani na iya cewa yawancin sunayen nan na Turawa ne, to, ina abin yabo? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin jami'ar ta daɗe tana dogara da baƙi. Amma a 1967 likitoci 'yan Arewa ba su taka kara sun karya ba, balle malaman likitoci. Da baƙin ne aka horar da 'yan gida, kuma tambayoyin da aka bincika na gida ne.

Abin da Ya Saura

Duk da haka akwai gibi, kuma rashin faɗarsa zai zama rashin adalci ga yaran da muka fara da su. Ƙarfin binciken Zariya ya karkata ne ga hana cuta da warkar da ita. Yaron da ya riga ya kurumce ko ya makance, da zarar an sallame shi ya fita daga lissafin asibiti. Ina ya tafi? Wa ya koya wa uwarsa yadda za ta yi magana da shi? Me ya sami aurenta, da sana'arta, da karatun 'yan'uwansa?

A Ingila, a shekarun nan dai, akwai wanda ya sa irin waɗannan tambayoyi a gaba, watau Jack Tizard, wanda ya rasu a 1979. Daga 1958 zuwa 1960 ya ɗauki yara 16 masu raunin hankali daga wani babban asibiti a Landan ya mai da su wani ƙaramin gida inda aka riƙe su riƙon iyali, aka ga bakinsu ya buɗe fiye da na takwarorinsu da aka bari a asibiti. A 1961 shi da Jacqueline Grad suka buga nazarin da suka yi kan iyalai 250 masu irin waɗannan 'ya'ya. Matsalarsu a can ita ce yadda za a fid da yaro daga gidan gwamnati a mai da shi cikin dangi. Tamu dabam ce. Yaronmu bai taɓa barin dangi ba, sai dai dangin ne ba su da mai tallafa musu. Bahaushe yana da nasa tsari tun da can: akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, akwai sadaka da zakka, akwai kakar da kan karɓi yaron da ya gagari uwarsa. Amma tsarin nan yakan kai yaro ga bara ne, ba ga makaranta ba, har ya ja ƙaninsa mai ido ya zama ɗan jagora. Sunayen da muke ba cututtukan ma abin nazari ne ga ɗalibin harshe. Wanda ya ce shan inna ya riga ya faɗi wadda yake zargi, haka wanda ya kira yaro ɗan ruwa, kuma sunan yakan nuna ƙofar da za a fara ƙwanƙwasawa wajen neman magani. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta keɓe babi ga ilmin naƙasassu, amma dokar tarayya da ta hana nuna musu bambanci sai a Janairun 2019 aka sa mata hannu.

Ta fuskar rigakafi kam an ci gaba, ko da yake da tuntuɓe. A 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. Sabuwar allurar rigakafin nau'in da ya fi addabar yankin nan ta fara aiki a Burkina Faso a Disambar 2010, ta iso Nijeriya a 2011. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Afirka.

Siyasa da Ƙarshen Rayuwa

Ishaya Audu ya bar shugabancin jami'a a 1975, shekarar da aka kifar da gwamnatin Janar Gowon, shekarar kuma da Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'ar. Farfesa Iya Abubakar ya gaje shi. Da aka buɗe fagen siyasa ya shiga jam'iyyar NPP, ya tsaya mataimakin Dokta Nnamdi Azikiwe a zaɓen shugaban ƙasa na watan Agustan 1979. Suka zo na uku. Bisa yarjejeniyar da NPP ta ƙulla da NPN, Shugaba Shehu Shagari ya naɗa shi Ministan Harkokin Waje. Da yarjejeniyar ta wargaje a 1981 bai bar gwamnati ba, ya ci gaba da riƙe ma'aikatar har 1983. Bayan juyin mulkin ran 31 ga Disamba 1983 soja suka tsare shi tare da sauran 'yan siyasa, ya yi watanni da dama a tsare.

Da aka sake shi bai nemi zama Ikko ko Kaduna ba. Ya komo Samaru, dab da jami'ar da ya shugabanta, ya buɗe asibitinsa, ya koma duba marasa lafiya da hannunsa kamar yadda ya fara shekara talatin da suka wuce. A wannan lokaci kuma ya duƙufa ga hidimar addininsa har ya zama limamin coci. Ya rasu ran 29 ga Agusta 2005 yana da shekara 78. Kafin shekarar ta fita aka kwashe asibitin koyarwa daga Tudun Wada aka mai da shi mazauninsa na dindindin a Shika.